Gona a Cikin Ruwa: Daga Ciyawar Teku Zuwa Kacalar Haɗejiya

(Laccar da aka gabatar a zauren Ƙungiyar Ɗalibai)



Na tabbata akwai wanda ya ga kan wannan lacca a allon sanarwa ya ce a ransa, me ya haɗa kifi da kaska? Mutumin Malam Madori, wanda in zai ga teku sai ya yi tafiyar fiye da kilomita dubu zuwa Ikko, ina ruwansa da ciyawar da ke tsirowa a cikinta? Tambayar tana kan hanya, kuma ba zan kauce mata ba. Amma ina roƙo ku yi mini haƙuri mu fara zuwa bakin tekun tukuna, mu ga abin da mutane suka yi da ciyawarsu, sa'an nan mu komo fadamar Haɗejiya mu dubi tamu, wadda ta hana masunta da manoma barci shekara da shekaru.

Ciyawar teku dangin gansakuka ce, watau irin koren abin nan da kan lulluɓe bakin rijiya ko randar da aka daɗe ba a wanke ba, sai dai ta teku takan girma ƙwarai, wata ta fi tsawon rimi. Ba ta da saiwa ta shan abinci kamar gero ko dawa. Jikinta duka ne ke tsotsar abin da take bukata daga ruwan gishiri, rana kuwa ta ba ta ƙarfi. Saboda haka mai nomanta ba ya sayen taki, ba ya haƙa rijiya, ba ya share daji, ba ya rigimar iyaka da maƙwabci a kan ƙasar noma. Wannan shi ne dalilin da ya sa masana ke ɗora ta a sahun gaba cikin sana'o'in da za su ɗore ba tare da sun cinye ƙasar da ake yin su a kai ba. Bisa ga lissafin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1950 abin da aka noma bai wuce tan dubu 35 ba. A 2019 ya kai kusan tan miliyan 35, ninki dubu ke nan cikin shekara saba'in. Ƙasar Sin ce ke da fiye da rabi, Indunusiya na biye da ita da fiye da rubu'i.

Kada ku zaci abin ya yi nisa da ku. Wanda ya goge haƙoransa da man goge baki yau da safe, mai yiwuwa ne ya sa ta a baka, domin daga jikinta ake tatso wani abu mai kauri da ke riƙe man ya hana shi tsinkewa. Ɗaliban likitanci da na kimiyyar ƙwayoyin cuta kuwa kullum suna tare da ita, gama daskararren abin nan da suke shuka ƙwayoyin cuta a kansa cikin ɗan faranti, wanda ake kira aga, daga jar ciyawar teku ake yin sa. Masu buga atamfa ma suna amfani da wani ruwanta don kaurara rini.

To, yaya aka yi ciyawar da igiyar ruwa ke watsowa gaɓa ta zama amfanin gona? Labari biyu zan ba ku.

Na farko daga Japan. Mutanen can sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin wata irin ciyawar teku da suke kira nori. Sukan kafa sanduna a bakin teku su jira ta kama, wata shekara ta zo da yawa, wata shekara ko ƙyallinta, har masunta suka yi mata laƙabi da ciyawar 'yan caca. Ba wanda ya san inda irinta yake ɓuya tsakanin kaka da kaka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai abin ya ƙi gaba ɗaya, a daidai lokacin da yunwa ta yi wa ƙasar katutu. Ana nan sai a 1949 wata Baturiyar Ingila, Kathleen Drew-Baker ta Jami'ar Mancesta, ta buga sakamakon binciken da ta yi a kan dangin wannan ciyawa a gaɓar Wales. Ta gano cewa wani jan abu mai kamar zare da ke zama cikin ɓawon kawa, wanda masana ke ɗauka wata halitta ce dabam, ashe ciyawar ce da kanta a wani mataki na rayuwarta. Masanan Japan suka karanta, suka tara ɓawon kawa cikin kwatarniya, suka koyi shuka irin a kan raga da hannunsu. Caca ta ƙare, noma ya fara. Matar nan, wadda aka sallame ta daga aikin koyarwa saboda ta yi aure, ta rasu a 1957 ba ta taɓa taka Japan ba. Duk da haka a garin Uto sun gina mata abin tunawa, kowace shekara ran 14 ga Afrilu suna taruwa a wurin.

Na biyu daga nahiyarmu. Farfesa Keto Mshigeni na Jami'ar Darussalam ya yi shekaru yana nazarin ciyawar gaɓar Tanzaniya, yana kira da a noma ta. A 1989 aka kawo iri daga Filifin aka fara nomanta don kasuwa a tsibirin Zanzibar, a ƙauyuka irin su Paje da Jambiani. Aikin ba shi da wuyar ganewa. In teku ta janye, mace ta shiga ruwa iya gwiwa, ta kafa turaku cikin yashi, ta ɗaura igiya tsakaninsu, ta ɗaɗɗaura 'yan guntayen ciyawar a jikin igiyar. Bayan mako shida ta dawo ta yanka, ta bar kaɗan na iri, ta shanya saura. Mutum fiye da dubu ashirin suka shiga sana'ar, galibinsu mata Musulmi 'yan ƙauye waɗanda a da ba su da hanyar samun kuɗin kansu, suka sami na littafin 'ya'ya da na kwanon rufi.

Amma wannan labari yana da ɗaci a ƙarshensa, kuma ɗacin ne ya fi shafarmu. Busasshiyar ciyawar a buhu ake fitar da ita, masana'antun da ke tatse ta suna Turai da Amurka da Asiya, masu saye kuwa 'yan kaɗan ne, su ne ke yanka farashi. Daga baya ruwan gaɓa ya riƙa ɗumama, irin da ya fi tsada ya kama ciwo yana fari yana kakkaryewa, mata da yawa suka bar sana'ar. Sai da wata masaniya, Dokta Flower Msuya, ta tashi tun daga 2006 tana koya wa matan sarrafa abinsu da kansu, su yi sabulu da man shafawa da garin ci, tukuna wasu suka fara ganin riba mai kauri.

Duk ɗan Malam Madori da ya ji wannan ya san ya taɓa jin irinsa a gida. Garin ya bunƙasa ne da hanyar jirgin ƙasa wadda ta tashi daga Kano ta isa Nguru a 1930, kuma abin da jirgin ya fi kwasa shi ne gyaɗa. Kakanninmu suka noma, 'yan baranda suka auna, aka loda a tasha, man da ƙulin da ribar suka tafi wani wuri. Da fari na farkon shekarun 1970 ya zo, cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, sai ciniki ya watse, aka bar mu da rumbunan kamfani babu kowa ciki. Yau riɗi da zoɓon Jigawa suna bin sawun gyaɗa, a buhu, ɗanyu.

Yanzu mu sauka fadama. Kogin Haɗejiya, wanda ruwan Kogin Kano da na Calawa ke haɗuwa su haifa, in ya wuce garin Haɗejiya sai ya tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tsofaffin tuddan yashi, ya rarrabu ya bazu ta Kirikasamma da Guri har Nguru, kafin ya sadu da na Jama'are su zama Kogin Yobe su nufi Tafkin Cadi. A zamanin da, kogin yana da fuska biyu. Cikin Agusta da Satumba ya cika ya malale, kifi ya bi ruwa ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, manomi ya sami shinkafa. Ruwa na janyewa a bi danshi da wake da rogo da kayan lambu, Fulani su sauko da shanu. Da bazara kuwa wurare da yawa su bushe ƙurmus har ƙasa ta tsattsage. Gona ɗaya, amfani uku ko huɗu, kowa da lokacinsa.

A 1974 aka gama madatsar Tiga, a 1992 aka gama ta Calawa. Ba ina nan ne don in zagi madatsun ba; birnin Kano yana shan ruwansu, manoman Kadawa da na Auyo suna noman rani da shi. Sai dai kowane gyara da ɓarnarsa. Malalen da a shekarun 1960 da farkon 1970 yakan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000 ya koma tsakanin 70,000 da 100,000 zuwa farkon shekarun 1990, fari da madatsa suka haɗu suka rage shi. Abin da ya fi wannan ma shi ne halin kogin ya sake. Babban cikar da kan zo da ƙarfi ta wanke hanyoyin ruwa ta ragu, sa'an nan ruwan da ake sakowa da rani ya sa wuraren da ke bushewa suka daina bushewa. Ruwa mara zurfi, mai tafiyar hawainiya, wanda ba ya ƙafewa shekara duka, ga kuma ragowar takin zamani da ke gangarowa daga gonakin ban-ruwa: in da an tambayi kacala irin gidan da take so, da ba ta zana wanda ya fi wannan ba.

Ga waɗanda ba 'yan yankin ba, kacala doguwar ciyawa ce mai ganye kamar takobi, ta fi mutum tsawo nesa, kanta kamar zangarniyar gero. Kai guda yana ɗauke da iri fiye da dubu ɗari, marasa nauyi, iska ke yawo da su. A ƙarƙashin laka kuma saiwarta tana rarrafe tana fid da sababbin 'ya'ya. In ta cika hanyar ruwa sai ruwa ya rage gudu, laka ta kwanta, wurin ya ƙara zama tudu, ita kuma ta ƙara samun wurin zama. Da haka ta toshe tsohon Kogin Haɗejiya da Burum Gana, ruwa ya karkata zuwa Marma da Tafkin Nguru. Sai aka wayi gari wasu ƙauyuka ruwa ya ci gonakinsu ya ƙi tashi, wasu kuma a ƙasa, wajen Gashuwa da Gaidam, suna jiran ruwan da bai iso ba. Masunci ba shi da wurin jefa birgi ko tura kwalekwale. Jan-baki ya sami maɓoya inda ba mai iya kai masa, ya fito da safe ya sauka a kan shinkafa da gero har na kan tudu. Sauro da dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya suka yi gida.

An yi gayya ba iyaka, matasa cikin ruwa iya ƙirji da lauje da adda. Hukuma ta kawo injuna. An yanka, an ƙone, ta sake fitowa. Akwai dabara guda da ilimi ya tabbatar: ganyen kacala shi ne hancinta, ta nan iska ke sauka zuwa saiwa, don haka in aka yanke ta ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen na tsawon lokaci, sai ta shaƙe. Amma wa zai biya ladan wannan aiki shekara bayan shekara, a fili mai faɗin da ido ba ya ganin ƙarshensa? Gayya takan yi kwana biyu ne, kowa ya koma neman abin da zai ci.

A nan ne darasin bakin teku ya shigo. Aikin da ake yi don a zubar da abu, da aikin da ake yi don a sayar da shi, ba su zama ɗaya a zuciyar mai yi. Kogin Sanagal ya sami irin wannan masifa bayan an gama madatsar Diama a 1986, kuma a garin Rosso na Muritaniya an koyi busar da kacala a ƙona ta a murhun ƙarfe, a daka, a dunƙule ta zama gawayin girki. Ku auna wannan da halin da muke ciki, inda kowace safiya motoci ke fita da itace daga dazuzzukan da suka rage mana, har da na Baturiya wanda tun 2008 yake cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya. A Jamus an matse ganyenta an yi allunan gini masu hana zafi da sanyi shiga ɗaki, domin cikin ganyen kamar soso yake. A nan gida ma, ƙarƙashin shirin TRIMING wanda Bankin Duniya ya ba da rancensa, masu bincike na Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da abokan aikinsu na ƙasashen waje sun gwada ruɓar da ita a rufaffen tanki don samun iskar girki, sun kuma gwada yanka ta tana ɗanya shar a turbuɗe ta zama abincin dabbobi na rani. Ban ma ambaci zana da tabarma da asabari ba, waɗanda iyayenmu ba su jira wani shiri ba kafin su saƙa.

Sai dai ina so in ja muku kunne, musamman ku da za ku zauna kan kujerun ma'aikatu kuna rubuta takardun shawara. Kacala ba ciyawar teku ba ce. Ta teku ruwan gishiri take sha, wanda ba mai bukatarsa. Kacala kuwa ruwan daɗi take zuƙa ta fesar a iska, ruwan da mutumin Gaidam ke jira. Ran da aka yi mata farashi, ran nan aka haifi mutumin da zai so ta ci gaba da zama. In aka kafa masana'antar gawayi aka bar masu yanka su zaɓi wurin da ya fi musu sauƙi, za su yanki ta bakin hanya su bar wadda ta shaƙe kogi, mu tashi da gawayi da ambaliya gaba ɗaya. A ganina tilas a ɗaura cinikin da buɗe hanyar ruwa: a fara da inda ta toshe, a yanka ƙarƙashin ruwa, a kuma ƙara wa mai yanka lada bisa tsawon hanyar da ya buɗe. Maganin asali kuwa yana can sama, a hannun masu buɗe ƙofofin Tiga da Calawa, watau Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. In aka tsara sakin ruwa yadda zai kwaikwayi halin kogin na da, cika mai ƙarfi da damina, sa'an nan ɗan lokacin bushewa da rani, rana za ta yi aikin da lauje dubu ba su yi ba. Ba mafarki ba ne; a arewacin Kamaru, a fadamar Waza da Logone, an sake sakin ruwa da gangan a 1994 bayan madatsar Maga ta busar da ita, kifi da ciyawar kiwo suka dawo. Tun 1991 kuma masana tattalin arziki, Edward Barbier da abokansa, suka auna suka nuna cewa kowace mudun ruwa da aka bari ta malala a fadamar Haɗejiya tana haifar da amfani, na noma da su da itace, wanda ya ninka na wadda aka tare don ban-ruwan Kano sau da yawa. Takardar tana nan, ta girmi yawancinku.

Bari in bar abokiyar gaba in juya kan abokiyar arziki wadda muka raina, watau bado. Duk wanda ya tashi a bakin fadama ya san farin furensa, ya san yara kan tsinko 'ya'yansa su ci, ya kuma san cewa a shekarun yunwa ƙwayarsa da saiwarsa sun riƙe gidaje da yawa. Wannan tarihi ne ya ja masa raini, aka ɗauke shi abincin wahala, wanda mai hali ba ya so a gan shi da shi. To, a jihar Bihar ta Indiya akwai ɗan'uwan bado wanda suke kira makhana. Masunta ne matalauta ke nutso su kwaso ƙwayarsa daga laka, a soya ta, a buge ta ta fashe kamar gugguru. Masana aikin gona na can suka zauna suka zaɓi iri, suka koyi shuka shi a fili mai ruwa iya gwiwa kamar shinkafa don a huta da nutso. Yau ana sayar da shi a kantunan Turai da Amurka da tsada, a 2022 aka yi masa rajistar sunan yankinsa, a 2025 kuma gwamnatin Indiya ta ba da sanarwar kafa masa hukuma ta musamman cikin kasafin kuɗinta. Namu badon yana nan yadda Allah ya dasa shi, kamar kainuwa, kacala tana cin wurinsa kaɗan kaɗan.

Ga kuma wani misali daga maƙwabta, wanda shi ne ya fi kusa da ciyawar teku a halitta. A ƙasar Kanem, gabas da Tafkin Cadi, akwai tafkuna masu kanwa inda wata gansakuka shuɗiya-kore ke tasowa saman ruwa. Matan Kanembu kan kwashe ta da ƙwarya, su zuba a ɗan ramin da suka yi cikin yashi mai tsabta, ruwa ya tsiyaye, rana ta busar, su yayyanka ta gunduwa-gunduwa su kai kasuwa. Sunanta dihe, miya ake yi da ita a ci da tuwon gero. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar Fort-Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, a tsakiyar shekarun 1960. Da aka auna sai aka tarar kusan kashi 60 cikin ɗari na busasshiyarta abincin gina jiki ne, ta fi nama ta fi wake. Ita ce duniya ta sani da sunan sifirulina, ana nomanta a manyan kwatamai a Amurka da Sin da Indiya, ana sayarwa a kwalba kamar magani. Abin da take so shi ne zafin rana da ruwan kanwa. Wanne ne babu a tsakanin Malam Madori da ƙasar Manga? Ga yara masu tamowa a asibitocinmu, ga masu kiwon tarwaɗa a kwatami suna kuka da tsadar abincin kifi, wanda shi ne ke cinye mafi yawan jarinsu. Sai dai a kula, ba kowace gansakuka ake ci ba. Akwai masu dafi da ke kashe dabba in ta sha ruwansu, kuma ido ba ya bambanta su sai da madubin ƙara girma. Kada wani ya fita daga zauren nan ya je ya kwaso ta kududdufin bayan gari ya ce ni na aike shi.

Akwai tambayar da takan kashe irin waɗannan shirye-shirye tun suna jarirai, ita ce: na wane ne? Muddin ciyawar ruwa ba ta da daraja, ta kowa ce. Ran da ta yi kuɗi, sarkin ruwa zai ce ruwansa ne, mai gona zai ce gonarsa ce ruwa ya ci, Bafillace zai ce mashayarsa ce tun kaka da kakanni, Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 kuma ta ce ƙasa amana ce a hannun gwamna. A Masina ta ƙasar Mali akwai ciyawar ruwa mai zaƙi da Fulani ke kira burgu, wadda shanu ke rayuwa a kanta da rani. Tun zamanin Shehu Amadu, wanda ya kafa daularsa a 1818, aka tsara wanda ke da ikon kowace makiyaya da ranar da kowane garke zai shiga. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 mutanen can suka koma dasa burgu da hannu suna sayar da harawarsa, kuma inda aka manta da tsarin mallaka, dashen ya jawo faɗa. Mu da muka san abin da ke faruwa tsakanin manoma da makiyaya a Guri da Kirikasamma in kaka ta yi, bai kamata mu ƙara wa wuta itace da hannunmu ba. A zauna da masu unguwanni da sarakunan ruwa da arɗaɗa kafin a sayo injin farko.

Haka nan lafiyar masu aikin. Matan Zanzibar sun sha fama da ciwon baya da na ido da saran halittun ruwa. Namu masu shiga ruwan tsargiya ce ke jiransu, da maciji. Duk lissafin riba da bai sa kuɗin takalmin roba da na magani ba, lissafin dokin rano ne.

Ku ɗalibai, kowannenku zai rubuta kundin kammala digiri, kuma na san yadda akan yi: a ɗauko batun da aka tattauna sau hamsin, a sake masa riga. Ga batutuwa a ƙofar gidanku waɗanda manomi zai amfana da amsarsu. Ɗalibin aikin gona ya auna buhu nawa na ƙwayar bado eka guda ke bayarwa, wane zurfin ruwa ya fi so, kuma ko zai yarda a shuka shi bayan an girbe shinkafa. Ɗalibin kimiyyar haɗa magunguna ya ɗebo ruwan tafkunan kanwa ya duba abin da ke rayuwa ciki. Ɗalibin injiniya ya ƙera abin yankan kacala da za a ɗaura a gaban kwalekwale, wanda maƙerin Malam Madori zai iya gyarawa in ya lalace, ba sai an aika Kano ba. Ɗalibar Hausa ko ta tarihi kuwa ta ɗauki rikoda ta tafi wurin tsofaffin matan Baturiya da Marma, ta tambaye su yadda ake sarrafa bado, wane wata ake tsinkarsa, yaya ake cire masa ɗaci, me ake haɗa shi da shi. Waɗanda suka ci shi a yunwar 1973 suna da hankalinsu a lokacin, yau sun haura sittin, don haka wannan kundin ya fi sauran gaggawa.

Shugaba ya nuna mini agogo sau biyu. Na ga kuma a sahun baya akwai ma'aikatan Hukumar Kogi, waɗanda na tabbata suna da abin cewa game da maganar ƙofofin Tiga, to, su nake so a fara ba dama.